Kyamarar da idonta ya fi bakinta tsawon rai: nazarin lamari

## Mutumin da aikinsa

Mutumin da wannan nazari ya shafa mai duba lafiyar gine-gine ne. Shi ba injiniya ba ne, idon injiniya ne. Wani ƙaramin ofishi ne ya ɗauke shi, irin ofishin da masu dogayen benaye ke ba aikin lura da bangonsu na waje. Nasa ya zagaya gini yana ɗaga kai, ya nemo inda filasta ta tsage, inda kankare ya ɓare rodi ya leƙo, inda tsatsa ta zubo ta ja layi, inda indararo ya saki. Ya ɗauki hoto, ya rubuta hawa na nawa ne kuma wace fuskar gini ce, ya tura wa injiniyar da ke zaune a ofis. Ita za ta yanke ɗaya cikin uku: a bari sai zagaye na gaba, a kafa abin hawa a je a taɓa da hannu, ko a killace ƙasan wurin yau-yau kada wani abu ya faɗo wa mutane.

Na ukun nan shi ya sa aikin ba ya son jira. Har zuwa farkon 2013 kayan aikinsa biyu ne, kuma kowanne gurgu ne ta gefe guda. Waya tana tura hoto nan take, amma ba ta gani daga nesa. In ya ɗauki hawa na bakwai, tsagar ta fito kamar silin gashi, ko ma ta ƙi fitowa. Ƙaramar kyamararsa kuwa tana gani, sai dai ba ta da bakin gaya wa kowa. Dole ya koma ofis da yamma, ya zare memori ya zuba a kwamfuta, ya zauna yana tuno wane hoto ne na wane bango. Aikin safe sai washegari injiniyar ke ganinsa.

## 2012: abin da ya shigo kasuwa

A watan Agustan 2012 kamfanoni biyu suka fito da amsa iri ɗaya ga irin wannan matsala. Nikon ya sanar da Coolpix S800c, ƙaramar kyamara mai zuƙowa ninki 10 da ke aiki da Android 2.3. Kafin watan ya ƙare, Samsung ya nuna Galaxy Camera a baje kolin IFA na birnin Balin: megafiksel 16, zuƙowa ninki 21, allon taɓawa mai inci 4.8 da ya cinye bayanta gaba ɗaya, Android 4.1, GPS, Wi-Fi, da ramin sim na data. Ba a kiran waya da ita kamar yadda aka saba, amma ana shiga shagon manhajoji na Google a sauke abin da ake so, tamkar waya.

Ba don nishaɗi suka yi ba. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun nuna an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 a 2010, zuwa 2012 kuwa sun sauko ƙasa da miliyan 100, kuma ƙananan ne suka fi shan kashi. Waya ta cinye musu kasuwa. Abu ɗaya da ya rage musu wanda wayar lokacin ba ta da shi shi ne madubin da ke miƙewa ya jawo nesa kusa, sai suka ce bari su ara wa madubin ƙwaƙwalwar waya.

Ofishin ya saya wa mutumin mai ninki 21 ɗin, wadda ke karɓar sim na 3G, a farkon 2013.

## 2013: lissafin da ya sa aka saya

Lissafin mai sauƙi ne, kuma shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Madubin kyamarar yana tashi daga milimita 23 zuwa 483, a ma'aunin fim mai milimita 35 da masu hoto ke kwatance da shi. In mutum ya tsaya mita 20 daga bango ya zuƙo har ƙarshe, faɗin abin da zai shiga hoton bai kai mita ɗaya da rabi ba. Fiksel 4,608 ne ke jere a wannan faɗi, wato kowanne yana ɗaukar kusan sulusin milimita na bangon. Wayar wancan lokaci, daga wuri guda, tana kwaso bango mai faɗin fiye da mita 20, kowane fiksel ya rufe milimita shida ko fiye. Tsaga mai faɗin milimita biyu ba ta da inda za ta zauna a ciki.

A takarda ke nan. A zahiri ba ta kai haka kaifi ba, kuma an gane tun makon farko. Sensar ƙarama ce, irin wadda ake kira 1/2.3, kowane fiksel nata bai kai maikuromita ɗaya da rabi ba. A ƙarshen zuƙowa kafar hasken takan tsuke zuwa f/5.9, haske kuwa in ya ratsa ƙaramar kafa yakan bazu, har ɗigo ɗaya ya mamaye fiksel biyar ko shida. Don haka abin da ake iya rabewa da gaske daga mita 20 ya fi kusa da milimita ɗaya. Ga aikin nan hakan ya isa har da saura.

## 2013 zuwa 2014: tuntuɓen farko

Matsalolin shekarar farko ba su zo a jere ba, sun zo a cakuɗe, kuma an ɗauki watanni kafin a san wacce ce ta kyamara, wacce ce ta manhaja, wacce ce ta hannun mai riƙewa.

Wadda ta fi tayar da hankali ta faru ne a kan wata taga ta hawa na shida. Ya ga layi a saman tagar, ya zuƙo ya ɗauka, ya tura ta manhajar saƙo. Injiniyar ta duba ta ga baƙin layi mara kauri, irin wanda ruwan sama ke bari in ya gangaro da datti, ta sa shi cikin jerin abin da za a sake dubawa nan gaba. Bayan kwana biyu, da ake kwashe hotunan daga memori, ta buɗe asalin hoton a babban allo. Layin yana da baki biyu, da inuwa a tsakiya, ga kuma jan tsatsa yana tsattsafowa daga kusurwa ɗaya. Tsaga ce buɗaɗɗiya, rodin ciki ya fara kumbura. An killace ƙasan ranar, babu abin da ya faɗo, amma kwana biyun sun tsaya wa kowa a rai.

Kyamarar ta gani. Manhajar saƙon ce ta matse hoton kafin ta tura, kamar yadda irinsu ke yi don rage cin data: faɗin fiksel 4,608 ya koma kusan 1,600, sannan ta ƙara goge ƙananan bambance-bambancen launi. Abin da aka sayi madubin dominsa shi aka zubar a hanya. Daga ranar aka hana tura hoton aiki ta manhajar saƙo. Aka koma wa Dropbox, rumbun ajiye fayil a intanet, wanda kyamarar ta zo da kyautar 50GB nasa na shekara biyu, yana loda asalin hoto da kansa da zarar an ɗauka.

Irin wannan ɓarna ta sake bayyana ta wata ƙofa. Ofishin yana da manhajar cike fom, mai maɓallin ɗaukar hoto a cikinta. Duk hoton da aka ɗauka ta wannan maɓalli sai ya iso ɗan mitsitsi. A Android, in manhaja ta roƙi kyamara hoto ba tare da ta nuna mata inda za ta ajiye cikakken fayil ba, ƙaramin samfuri kawai ake miƙo mata. Maganin bai ci komai ba: a ɗauka da manhajar kyamarar kanta, sannan a liƙa wa fom ɗin daga ma'ajiyar hotuna.

Sai rawar hannu. Daga f/2.8 a faɗi zuwa f/5.9 a ƙarshen zuƙowa, hasken da ke isa sensa ya ragu fiye da ninki huɗu, a daidai lokacin da ake buƙatar ƙiftawa mai sauri. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce madubi mai milimita 500 yana son kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Na'urar rage girgiza da ke cikin madubin tana taimakawa, amma mutumin da ya ɗaga kyamara sama da kansa, wuyansa a lanƙwashe, ba dutse ba ne. A fuskar ginin da ke cikin inuwa kyamarar takan ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, hoton ya cika da tsaki-tsaki, ita kuma ta bi ta shafe tsakin har da siririyar tsagar. Ya sayi sanda mai ƙafa ɗaya, ya koyi sa jinkirin daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, ya kuma sake tsarin zagayensa yana bin rana: fuskar gabas da safe, ta yamma bayan rana ta karkata. Ya gano hasken da ke zuwa ta gefe ya fi tona tsaga, domin yana cika ta da inuwa.

Batir kuwa ciwon kowa ne a wannan aji na kyamarori. Ta Nikon ɗin hoto 140 aka auna mata a caji ɗaya bisa gwajin CIPA. Ta mutumin tana da batir mai 1,650mAh, girman na wayar da ta girme ta, alhali tana ciyar da babban allo, da GPS, da sim, da motar da ke tura madubi. In ya bar ta a kunne tana lodi, ba ta kai masa ƙarshen zagaye. In ya kashe ta gaba ɗaya, sai ya tsaya jiran Android ya tashi kamar waya. Sa'ar da aka yi, batirin ana cire shi. Ya riƙa yawo da uku.

GPS ɗin ma ya yi nasa. Inda mai hoto ya tsaya yake rubutawa, ba inda tsagar take ba, kuma a tsakanin dogayen gine-gine yakan yi tsalle ya ajiye mutum a wancan gefen titi. Ga shi hoton da aka zuƙo ba ya faɗin inda yake: mita ɗaya da rabi na bango da kusurwar taga, alhali ginin yana da taga ɗari iri ɗaya. Nan aka kafa dokar hoto uku. Na farko gini gaba ɗaya, na biyu hawa biyu ko uku da za a iya ƙirgawa, na uku tsagar.

## 2015 zuwa 2018: shekarun da komai ya zauna

Da aka gyara waɗannan, tsarin ya yi aiki yadda ake fata. Hoto yakan isa gaban injiniya mutumin bai bar gindin ginin ba, ta kira shi a waya ta ce ya ƙara ɗaya daga hagu. Babu abin ba da labari mai yawa a shekarun nan.

Alamu dai sun fara, ba wanda ya tsaya karanta su. A 2015 kyautar Dropbox ta ƙare aka koma biya. A shekarar ce kuma aka rufe ChatON, manhajar saƙon da ta zo cikin kyamarar, tambarinta ya zauna a allo ba ya buɗa komai. Magajiyar kyamarar, Galaxy Camera 2 ta 2014, ta zo da Android 4.3 ba tare da ramin sim ba, kuma ba a yi ta uku ba. Nikon ya tsaya a S810c ta 2014. Daga ƙarshen 2015 Samsung ya fara janye kyamarorinsa daga kasuwannin Turai. Ta mutumin ta tsaya a kan Jelly Bean, wato Android 4.1, ba ta ƙara gaba ba.

## 2019 zuwa 2021: ƙofofi suna rufewa ɗaya bayan ɗaya

Manhajar fom ce ta fara. A 2019 masu ita suka ɗaga mafi ƙarancin Android da take karɓa zuwa 5. Tsohuwar da ke kan kyamarar ta ci gaba da buɗewa na wasu watanni, sannan wata safiya ta ce a sabunta, shagon kuma ya ce na'urar ba ta dace ba.

Ya koma loda hotuna ta shafin ofishin a burauza. Chrome ya riga ya daina sabuntawa a Jelly Bean tun bayan siga ta 71, sai ya sa Firefox 68, wadda ita ce ta ƙarshe da ke hawa Android 4.1. Ta riƙe shi na ɗan lokaci, domin Firefox tana tafe da nata kayan tsaro da nata jerin takardun shaidar shafuka, ba ta dogara da na tsarin ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi shi ne duniya tana sauya makulli. Kafin na'ura ta tura fayil, sai ita da kwamfutar da ke karɓa sun yi musabaha ta sirri da ake kira TLS. Manyan burauzoji sun watsar da TLS 1.0 da 1.1 a 2020, masu shafuka suka bi sahu suna rufe su. Android 4.1 ya san TLS 1.2, amma ba a kunne yake zuwa ba, sai manhajar da mai ita ya kunna da gangan. Saboda haka manhajoji suka riƙa mutuwa shiru, ba saƙon kirki, sai dai a ce haɗi ya gaza. A watan Agustan 2021 Google ya daina sabunta Play Services ga Jelly Bean, ginshiƙin da taswira da shiga asusu da sanarwar manhajoji da yawa ke tsaye a kai. Kamfanonin layi kuma suna kashe 3G: a Jamus an yi a 2021, manyan kamfanonin Amurka suka bi a 2022. Nasa kamfanin ma ya sanar da ranarsa.

Zuwa ƙarshen 2021 lodi yana shiga yau, gobe ya ƙi. Mafi muni, wani lokaci ya nuna kamar ya tafi alhali bai isa ba, sai injiniya ta kira tana tambayar hoton da shi yake zaton tana kallo.

## 2021 zuwa 2022: abin da aka gwada bai yi ba

Abu na farko da ya yi shi ne abin da kowa ke yi wa wayar da ta rikice: ya goge ta, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Wannan ne kuskure mafi tsada a duk labarin. Kafin gogewar akwai tsofaffin manhajoji biyu da ke ɗingisawa, asusunsu a buɗe tun shekarun baya. Bayan gogewar ya zauna da dare yana kallon allon maraba na 2012, da tambarin hidimomin da wasunsu sun daɗe da rufewa. Shagon ya ƙi ba shi manhajojin da ya goge, domin sigar da ke kai yanzu ta fi ƙarfin tsarinsa, tsohuwar kuma ba a ajiye masa ita ba. Ya kashe maciji bai sare kansa ba, ya kuma rasa sandar.

Sai ya bi hanyar sauko da tsofaffin fayilolin manhaja daga shafukan da ke tara su. Wasu suka hau suka buɗe, amma da suka nemi shiga asusu aka ƙi su daga can. Injiniyar ce ta tsayar da wannan gwaji, kuma da hujja: hotunan gidajen mutane ne, da adireshi da wurin da gini ke da rauni, ba za a zuba kalmar sirrin ofis cikin manhajar da ba a san hannun da ta bi ba, a kan tsarin da ya yi shekaru ba a toshe masa kafa ba.

Wani abokin aikinsa ya kawo shawarar a fasa makullin tsarin a ɗora sabon Android na masu sa-kai. Ya bincika bai ga wanda zai riƙe masa madubin ba. Motar zuƙowa da na'urar rage girgiza da filasha duk suna aiki ne da manhajar da kamfani ya rubuta wa wannan tsari kaɗai, kuma a rufe take. Sabon Android ba tare da ita ba zai bar shi da ƙatuwar waya mara kira, mara ido.

Gwaji na huɗu ya fi sauran ma'ana, kuma rabinsa ya yi. Wayoyi sun fara zuwa da madubin da aka kwantar a tsawon jikinsu: Huawei P30 Pro ta 2019 tana da ninki 5, Galaxy S21 Ultra ta 2021 tana da ninki 10, daidai da milimita 240. Ofishin ya sayi waya mai irin wannan madubi a 2022. Suka gwada ta yadda ya kamata. Suka zaɓi tsagogi da aka riga aka hau aka auna da hannu, ya ɗauke su da na'urorin biyu daga wuri guda, injiniyar ta duba ba tare da ta san wanne ne na wacce ba. A ƙananan hawa da na tsakiya wayar ta yi kunnen doki da kyamarar, a cikin inuwa ma ta fi ta, domin tana haɗa hotuna da yawa ta fitar da ɗaya mai tsabta. A saman gini labarin ya sauya. Milimita 240 kusan rabin 483 ne, abin da ya wuce nan kuwa faɗaɗawa ce ta lissafi. Wayar takan ƙawata: ta kaifafa bakin tabo har ya yi kama da tsaga, ta shafe siririyar tsaga har ta yi kama da bango lafiyayye. Hoton kyamarar ya fi muni a ido, dishi-dishi, amma abin da ke cikinsa shi ne abin da ke bangon.

## Tsakiyar 2022: abin da ya yi

Maganin da ya zauna bai buƙaci sayen komai ba sai ƙaramin abin karanta memori da ake sokawa a gindin waya.

An zare sim ɗin. An sa kyamarar a yanayin jirgin sama, ba a ƙara shigar da asusun kowa ba, an kashe duk manhajar da ke kasuwa, an bar ta kyamara kawai. Hotuna suna sauka a kan memorin microSD. Wayar ce ke ɗaukar hoto na farko da na biyu, ita ke cike fom, ita ke rubuta sawun GPS na zagayen gaba ɗaya. Kyamarar tana fitowa ne don hoto na uku, a hawan da ya fi ƙarfin waya. In ya gama fuska ɗaya ta gini, ya zare memorin, ya soka a waya, ya loda asalin fayilolin ta sabuwar manhajar ofis. Mintuna kaɗan ne. In abin gaggawa ne, hoto ɗaya tak, yakan kunna Bluetooth ya tura wa wayar kai tsaye cikin ƙasa da minti guda, domin wannan hanya tsakanin na'urorin biyu take, ba ta neman izinin wata kwamfuta a wata ƙasa.

Abu ɗaya ya so ya ɓata tsarin, shi ne agogo. Da aka yanke ta daga layi, kyamarar ta daina saita lokacinta, yana zamewa a hankali, wani sa'in kuma in an daɗe wajen sauya batir ya rikice. Alhali da lokacin da ke rubuce a jikin hoto ake haɗa shi da sawun GPS na waya da kuma fom ɗinsa. Wani mako hotunan gini ɗaya suka faɗa cikin fayil ɗin maƙwabcinsa saboda tazarar 'yan mintuna. Daga nan ya ɗauki ɗabi'ar da har yanzu yake yi: kowace safiya, kafin ya ɗaga kai, ya buɗe agogon waya mai nuna daƙiƙa, ya ɗauke shi hoto da kyamarar. Hoton yana nuna lokacin gaskiya, bayanan cikinsa suna nuna lokacin kyamara, bambancin shi ake gyara sauran hotunan ranar da shi.

Wata riba ta zo da ba a nema ba. Da aka kashe sim da Wi-Fi da GPS da lodi, batir ɗaya ya koma yin abin da biyu ke yi a da.

## 2023 zuwa 2024: yadda aka ƙare

A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a duk Android da bai kai 5.0 ba. A 2024 dabarar da Let's Encrypt, mai ba shafuka takardun shaidar tsaro, ya yi don tsofaffin Android su ci gaba da amincewa da takardun shaidarsa ta ƙare, abin da ya shafi duk wanda ke ƙasa da 7.1.1. Ko ɗaya bai taɓa aikin ba, domin kyamarar ba ta ƙara leƙa intanet ba. Hoto yana isa ofis kafin mutumin ya bar wurin, kamar a 2015, ba a kuma sake samun wanda ya ɓata a hanya ba.

## Hukunci

Sayen kyamarar a 2013 ba kuskure ba ne. Ta rufe giɓin da babu abin da ke rufe shi a lokacin, ta kuma yi shekara shida tana yi. Kuskuren ofishin shi ne ya ɗauke ta abu ɗaya, alhali abu biyu ne a kwanso guda, kowanne da tsawon ransa. Gilashi da mota da sensa suna tsufa ne da amfani, kuma ana ganin tsufansu yana zuwa. Ɓangaren Android kuwa ransa yana hannun wasu: mai tsarin, mai shago, mai manhaja, mai layi, mai takardar shaida. Kowannensu ya janye a ranar da ya ga dama, bisa dalilin da ba shi da alaƙa da lafiyar kyamarar. Waya ma haka take, sai dai ita ana sa ran sauya ta bayan 'yan shekaru, kyamara kuwa ana sayenta da niyyar ta daɗe.

Duk gwajin da ya faɗi yana ƙoƙarin raya ɓangaren da ya mutu ne. Wanda ya yi nasara ya dogara da abubuwan da ba na kamfani ɗaya ba: fayil ɗin JPEG, lokacin da ke rubuce a jikinsa, ramin memori, Bluetooth. Da a ce kyamarar ba ta da ramin memori, ko batirinta a manne yake, da labarin ya ƙare tun 2021. Gogewar da ya yi ita ce kaɗai asarar da za a iya kauce wa, kuma shekara biyun da aka yi ana lallaɓa lodi mai shiga da fita sun fi haɗari fiye da yadda ofishin ya ɗauka, tunda an san abin da jinkirin kwana biyu ya kusa jawowa a kan tagar hawa na shida.

Yanzu motar madubin ta fara ƙara in tana miƙewa, kuma cikin batura ukun ɗaya ya kumbura an yar. Ofishin ya rubuta abin da zai nema a wadda za ta gaje ta: zuƙowar gilashi da ta kai milimita 480 ko fiye, batir mai fita, ramin memori, da agogon da ake iya saitawa da hannu.